Hannun Daman Sarki Hassan: Rayuwar Malam Datti Yahuza

Idan mai zane ya ɗora littafi a hannun sarkin da bai taɓa karanta harafi da idonsa ba, alhali abin da ke cikin littafin yana cikin kansa, shin ƙarya ya yi ko gaskiya ya faɗa? Mai wannan rubutu ya daɗe yana juya tambayar, ya kai ta gaban malamai, ya kai ta gaban masu zane, bai samu amsar da ta kwantar masa da rai ba. Abin da ya samu kawai shi ne rayuwar mutumin da ya yi shekara talatin da uku yana ɗauke da ita, ga ta nan kuwa kamar yadda iyalinsa da abokan zamansa suka ba da ita.

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Datti a shekarar 1957 a garin Zangon Daso, wata ƙaramar masarauta da ke bakin fadama a arewacin Nijeriya. Mahaifinsa Malam Yahuza badukun fada ne, wanda ya yi suna wajen ɗinka gafaka da bangon littattafan malaman garin. Mahaifiyarsa Malama Mero kuwa ita ake kira idan za a yi wa ɗakin amarya ado, domin ta iya zanen bango da farar ƙasa da jar ƙasa da baƙin tukunya.

An san Malam Yahuza da wata ɗabi'a da ta sa wasu suke ganin yana da taurin kai. Ba ya ɗinka gafaka sai an kawo masa littafin da za a sa a cikinta ya auna da hannunsa, kuma idan attajiri ya nemi gafakar ado wadda zai rataye a ɗaki babu komai a ciki, sai ya ba shi haƙuri ya nuna masa ƙofar wani badukun. A wannan zaure Datti ya tashi, yana miƙa wa mahaifinsa basilla, da yamma kuma yana dama wa mahaifiyarsa ƙasa.

Karatu

An sa shi makarantar allo yana da shekara biyar, aka kai shi firamare a shekarar 1965. Daga nan ya wuce kwalejin horon malamai, ya gama a 1977, ya koyar a ƙauyukan masarautar har tsawon shekara biyu. A shekarar 1979 ya tafi Zariya ya yi difloma a fannin zane-zane, inda ya ƙware wajen zana fuskar mutum da fentin mai.

A wannan lokaci ne ya fara shan suka daga wasu danginsa da ke ganin zana surar mai rai bai halatta ba. Bai yi gardama da kowa ba. Ya zauna ya karanta hujjojin ɓangarorin biyu, ya bi malaman da suka yi rangwame a kan surar da ba ta da inuwa idan an yi ta domin adana tarihi, kuma har ya bar duniya ba a taɓa jin ya raina wanda ya saɓa masa a wannan mas'ala ba.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1983 ya auri Malama Ummi, malamar firamare 'yar garinsu, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Ta biyu a cikinsu, Ruƙayyatu, wadda aka haifa a 1987, ita ce ta gaji hannunsa, sai dai nata hannun rubutu ya bi. Tun tana makarantar allo malaminsu yake ba ta allunan yara ta rubuta musu, saboda kyawun rubutunta irin na malaman ƙasar Hausa, mai kauri, mai faɗin baki.

Sana'arsa da ƙa'idarsa

Aikin da ya fito da sunan Malam Datti shi ne zanen wani hakimi da ya yi a 1984, daga nan masarautu suka fara aiko masa. Yana da ra'ayi tsayayye game da yadda ake zana mai mulki, ya kuma koyar da shi ga ɗalibai masu yawa. A wurinsa, mai zane ya zauna a ƙasa inda talaka yake zama idan ya kawo gaisuwa, domin duk wanda zai kalli zanen ya ji yana ɗaga kai. Kandiri a hannun hagu, alkyabba ta cika faɗin ƙyallen, amawali ya rufe baki ya bar idanu su yi magana. Yakan ce iko ba shi da wahalar zanawa, tun da yana da kaya, ana gani ana taɓawa. Ilimi ne mai wuya, domin ba shi da siffa, shi ya sa masu zane a ko'ina suka yarda a kan alama guda, wato littafi a hannun dama.

A nan ne ya kafa ƙa'idar da aka san shi da ita. Ba ya zana littafi a hannun basarake sai basaraken ya zaɓi littafin da kansa, ya buɗe shafin da yake so a gani, ya karanta shi a bayyane Malam Datti yana saurare. Wasu sun yarda da murna, har zaman zane ya koma zaman karatu. Wasu sun ji zafi, suka nemi a sa musu takobi ko carbi a madadinsa, ya kuwa sa musu ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba.

Al'amarin Sarki Hassan

Sarki Hassan ya hau gadon sarautar Zangon Daso a shekarar 1984. Ƙyanda ta taɓa masa idanu tun yana yaro, yana ganin mutum da doki da hanya, amma haruffa a wurinsa kamar tururuwa suke a cikin hazo, saboda haka bai taɓa karanta layi ɗaya ba. Sai dai tun yana saurayi ya ɗauki al'adar da bai fasa ba. Kullum bayan sallar la'asar malami yakan zauna a gabansa, Sarki ya riƙe littafin da hannunsa na dama ya juya shafin ya fuskanci malamin, malamin yana karantawa, shi yana saurare, yana tsayar da shi yana tambaya. Ta haka ya haddace babuka masu yawa na fiƙihu, da su kuma ya kashe rigimar rabon ruwa da ta daɗe tana zubar da jini tsakanin masu gonakin fadama.

A zauren fadar akwai zanen mahaifinsa da na kakansa, kowanne da littafi a hannu. A shekarar 1988 majalisar Sarki ta kira Malam Datti ya zana na uku, aka kuma buga ƙusa a bango kusa da na mahaifin tun kafin a fara. Ya yi watanni yana aikin. Ya gama fuska da rawani da alkyabba da kandiri, waɗanda suka gani kuma sun ce bai taɓa yin fuskar da ta kai wannan ba. Da ya zo hannun dama sai ya tsaya.

Waziri na lokacin ya umarce shi ya sa littafi kamar na sauran. Malam Datti ya faɗi ƙa'idarsa. Sarki ya ce a kawo kowane littafi a buɗe kowane babi zai kawo shi da ka. Malam Datti ya yi gaisuwa ya ce bai yi shakkar haka ba, amma zane ido yake nunawa ba kunne ba, duk wanda ya ga littafi buɗe a gaban Sarki zai ce Sarki karantawa yake yi, wannan kuwa bai taɓa faruwa ba. Ya nemi a bar shi ya sa carbi. Waziri ya ƙi, ya ce sarki marar littafi tsakanin iyaye masu littafi, ai an rubuta masa jahilci ke nan a bangon gidansa, ya kuma ƙara da cewa bai taɓa ganin ɗan baduku yana yi wa sarki jarrabawa ba.

Waɗanda suke wurin sun ce Sarki dariya ya yi.

"Datti, kai ma kana cikin masu cewa ban yi karatu ba?"

"Allah ya taimaki Sarki, da na kai rabinka da na gode wa Allah. Hannuna ne ba zai iya ba."

"To naka hannun ya ƙi, nawa kuma ya jira. Tafi da shi. Ranar da ka ga abin da ya dace da shi, ka sa ka kawo mini."

Haka Malam Datti ya naɗe ƙyallen ya fita da shi, aka bar ƙusa a bango babu komai a jikinta. Majalisa ta so ta kira wani mai zanen, Sarki ya hana.

Shekarun Kaduna

Zama a garin ya yi masa nauyi, domin mutanen fada sun daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, aka kuma daina kai wa mahaifinsa aiki har ya rasu. A shekarar 1989 ya koma Kaduna da iyalinsa, ya kama koyarwa a wata kwaleji, yana kuma karɓar aikin masarautu na kusa da na nesa. A cikin shekaru ashirin da biyu da ya yi a can ya zana sarakuna da hakimai masu yawa, Musulmi da Kirista, aka yi baje kolin ayyukansa sau da dama.

Zanen Sarki Hassan yana jingine a ɗakin aikinsa duk tsawon wannan lokaci. Ya gwada abubuwa da gawayi a kan takarda, ya gwada alƙalami, ya gwada rufaffen littafi a kan cinya, ya gwada malami a zaune a gefe, duk ya yage. Alƙalami ƙarya ce ta biyu. Rufaffen littafi yana cewa Sarki ya gama karantawa ne ya rufe. Malami a gefe kuwa ya raba hasken zanen gida biyu, zanen sarki kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Sarki bai manta ba. Kowace Sallah yakan aiko, da farko ta bakin manzo, daga baya ta waya, tambayar kuma ba ta canzawa: "Datti, yaya hannuna?" Amsar ita ma ba ta canzawa: "Yana nan lafiya, ranka ya daɗe, ana kula da shi."

Zaman Kuala Lumpur

A shekarar 2011 wata kwaleji mai zaman kanta da ke unguwar Bukit Jalil a birnin Kuala Lumpur ta gayyace shi ya koyar da zanen fuska. Ya tafi da Malama Ummi, suka kama gida a hawa na tara na wani bene a Wangsa Maju, ƙyallen Sarki Hassan na cikin kayan da suka fara kwancewa.

Ƙasar ta burge shi, domin ya tarar da mutanen da suka ɗauki hoton sarauta da muhimmanci, ya ga ana rataye shi a ofisoshi da makarantu, har da wasu ƙananan kantuna. Ya yi nazarin yadda masu zanensu suke amfani da launin rawaya, da yadda wuƙar sarautar da suke kira keris take zama a ƙugu ba a zare ta ba amma ido ba ya barin ta. Ya shiga gidajen tarihi ya ga zanen sarakunan wasu ƙasashe da taswira da tabarau da tarin littattafai a bayansu, yakan dawo gida ya ce wa matarsa yana so ya san ko nawa ne daga ciki aka buɗe.

A nan ya yi abota da Levi, wani malamin kwalejin ɗan Filato, wanda yakan raka shi unguwar Brickfields sayen fenti da katakon firam, su ƙare a mamak, wato shagon shayi da abinci, suna shan shayi. Levi ya san labarin hannun, bai kuma taɓa barin sa ya huta ba. Bakinsa ya riga ya kama kalmomin 'yan garin, yana cusa su a cikin Hausarsa.

"Malam, ka sa masa waya a hannu lah, kowa ya huta. Duk sarakunan yanzu ita suke karantawa."

"Kai Ɗan Filato, da kai ne mai zanen da tuni ka ɗora masa doya."

"Doya ai gaskiya ce, yana cin ta. Ta ci jarrabawarka. Boleh? Za ta yi?"

A shekarar 2017 Ruƙayyatu ta samu tallafin karatu ta zo yin digirin digirgir a fannin shari'ar Musulunci, ta sauka a gidan iyayenta, mijinta yana Kaduna. Karatunta ya kai ta ga ra'ayin masu hana surar mai rai, ta kuma faɗa wa mahaifinta haka cikin ladabi. Bai yi mata musu ba. Ya juya fuskar Sarki ta kalli bango, ba ya juyo da ita sai ya rufe ƙofar ɗakin aikinsa.

Shekarun annoba

A watan Maris na 2020 aka sa dokar kulle saboda cutar korona. Kwaleji ta koma koyarwa ta na'ura, jirage suka tsaya, mamak ya koma sai dai a yi tapau, wato a ƙunso abinci, a kawo gida. A daidai lokacin ne yanar ido da ta daɗe tana damun Malam Datti ta yi ƙarfi. An sa masa ranar aiki, aka ɗage, aka sake ɗagewa, domin asibitoci sun cika da masu numfashi da ƙyar. Kafin ƙarshen shekarar ya ajiye koyarwa. Yana ganin launi da manyan siffofi, amma siririn layi ya ɓace masa, karatu kuma ya gagara.

Mutum ne da bai saba wuni bai buɗe littafi ba, sai Malama Ummi ta ɗauki nauyin karanta masa bayan la'asar. Ita kuma tana fama da ciwon gaɓɓai a wuyan hannu, littafi mai nauyi ba ya riƙuwa gare ta. Saboda haka shi yake riƙewa ya juya mata shafin, ita ta sa tabarau ta karanta. Sun yi watanni a haka babu wanda ya ga wani abu a ciki.

A ƙaramar Sallah ta 2021 Sarki Hassan ya kira. Ya haura shekara tamanin da biyar, muryarsa ta yi rauni, ya daɗe kuma ba ya fita zaure. Wannan karon bai yi tambayar da ya saba ba. Cewa ya yi, "Datti, hannun nan fa ya gaji da jira, mai shi ma ya kusa gajiya." Malam Datti ya yi masa addu'a.

Bayan 'yan kwanaki, suna zaman karatu, Malama Ummi ta ce masa ya ɗaga littafin sama kaɗan, ya daina karkatar da shi, in ba zai iya riƙewa kamar Sarki ba ya faɗa mata ta nemi matashin kai. Da wasa ta faɗa, domin duk 'yan Zangon Daso sun san yadda Sarki yake zaman karatunsa. Malam Datti ya dubi hannunsa, ya dubi bayan littafin da ke fuskantarsa. Ya tashi ya shiga ɗakin aiki ya juyo da ƙyallen.

Littafin

Abin da ya yanke shi ne ya zana littafin buɗe a hannun daman Sarki, amma shafinsa yana kallon waje, kamar yadda Sarki yake riƙe shi kullum. Idanun Sarki suna kan mai kallo, shafin ma yana kan mai kallo, duk wanda ya tsaya a gaban zanen ya zama shi ne malamin da aka zaunar ya karanta wa Sarki, ko ya so ko bai so ba. Ya gaya wa Levi ta waya cewa bai taɓa samun wurin da iko da ilimi suka haɗu a hannu ɗaya kamar wannan ba. Levi ya tambaye shi ko ya yarda ke nan ya yi kuskure a 1988. Ya ce a'a, abin da aka nema a lokacin ƙarya ne, har gobe ba zai zana shi ba, abin da ya dame shi kawai shi ne ya ga gaskiyar da idonsa tun yana da ido, bai gane ta ba sai da idon ya tafi.

Bai sassauta ƙa'idarsa ba. Ya kira fada ya nemi Sarki ya zaɓi shafi. Sarki ya zaɓi babin rabon ruwa tsakanin maƙwabtan gona, ya kawo shi da ka ta waya, yana tsayawa yana hutawa, Ruƙayyatu tana bi a cikin nata littafin. Da ya kai ƙarshe ta ce wa mahaifinta bai bar komai ba. Sarki ya ji ta, ya ce a gaya wa 'yar Datti ya gode da ta ba shi maki.

A watan Yuni aka sake tsananta dokar kulle. Malam Datti ya yi aikin a durƙushe, fuskarsa dab da ƙyallen, yana tambayar matarsa ko wannan launin ya yi daidai da na alkyabbar da ya shafa tun yana da shekara talatin da ɗaya. Ya zana yatsun sun kama bangon littafin, ya zana bangon da jar fata irin wadda mahaifinsa yake ɗinkawa, ya shimfiɗa shafuka biyu masu launin tsohuwar takarda. Saura haruffa, su kuwa idonsa ba zai iya ba. Rubutun da ake buƙata irin na malaman gida ne, a duk wanda ya sani a birnin kuma mutum ɗaya ce ta iya shi, tana ɗakin da ke kusa da nasa.

"Baba, ka san ba raini ba ne. Abin da na karanta bai ba ni damar sa hannu a surar mai rai ba."

"Ba fuska na ce ki zana ba, Malama. Haruffa ne."

"Haruffan a hannun wa suke?"

Malama Ummi ta ce ya daɗe yana kallon 'yar tasa, sannan ya yi dariya ya ce babu shakka tasa ce. Bai sake roƙon ta ba, bai kuma yarda mahaifiyarta ta matsa mata ba. Ya ce shi ma an taɓa ba shi lokaci, zai jira a yi masa aikin ido ya rubuta da kansa, ko da rubutun nasa bai kai nata ba.

Rasuwarsa

A ƙarshen watan Yuli na 2021 zazzaɓi ya kama shi, gwaji ya nuna korona ce. An kwantar da shi a wani asibiti da ke birnin, ba a bar kowa daga iyalinsa ya shiga ba. Maganarsa ta ƙarshe da su ta waya ce, ya tambayi ko sun ci abinci, ya kuma ce kada a bar tagar ɗakin aiki a buɗe saboda damshi. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, goma ga watan Agusta, 2021, yana da shekara sittin da huɗu.

Ma'aikatan lafiya ne suka shirya shi bisa dokar lokacin, aka yi masa salla da mutane ƙalilan, aka binne shi a wata maƙabartar Musulmi da ke wajen birnin. Malama Ummi da Ruƙayyatu suna killace a gida, ta waya suka ga jana'izar, Levi ne ya tsaya a bakin shinge yana riƙe da wayar. A Zangon Daso, Sarki Hassan ya sa aka fito da shi zaure a kan kujera domin karɓar gaisuwa, abin da ba a saba yi wa wanda ba ɗan sarauta ba.

Ya rasu ya bar matarsa Malama Ummi da 'ya'ya huɗu: Yahuza, injiniya a Kaduna, Ruƙayyatu, Muntasir, malamin sakandare a Zangon Daso, da Maryam, wadda ake kira Uwa saboda sunan kakarta ta ci, ma'aikaciyar jinya a Zariya. Ya bar jikoki bakwai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da hanya ta fara buɗewa a watan Oktoba, kwantiragin Levi ya ƙare, ya ɗauki alkawarin kai zanen fada da hannunsa. Saƙo ya zo daga sabon Waziri cewa jikin Sarki ya ƙara tsanani, a kawo zanen yadda yake, za a rataye shi haka nan, ko a ba wani mai rubuta allon shaguna ya cike wurin. Levi ya zo ɗaukar sa, ya juyo da shi daga bango, a ranar ne Ruƙayyatu ta fara tsayawa a gabansa ta dube shi sosai. Ta ga dattijon da ya kawo mata babi guda da ka yana miƙa wa duk mai shiga zaurensa littafin da babu komai a cikinsa.

"Dakta, in naɗe?" in ji Levi. "Ni dai kaiwa ce tawa. Amma 'yan garinku suna da baki, kin fi ni sani."

Ta tambaye shi ko fenti zai bushe kafin jirginsa ya tashi. Ya ce idan an yi shi siriri zai bushe. Ta ce ya bar shi ya dawo.

Washegari da hantsi ta shiga ɗakin aikin mahaifinta. Ba ta ce ta canza ra'ayi ba, har yau kuma ba ta faɗa ba. Ta buɗe littafinta a babin rabon ruwa ta ba mahaifiyarta, Malama Ummi ta ɗora shi a kan matashin kai ta fara karantowa a hankali. Ruƙayyatu ta zaɓi mafi ƙanƙantar burushi, ta tsoma shi a baƙi, ta durƙusa a inda mahaifinta yake durƙusawa, ta fara daga saman shafin dama.